Haihuwar Fari a Ƙetare

"Adda Zaituna! Sun tafi da Haladu!"

Biro ya suɓuce daga hannun Zaituna. Ma'u ce, ƙanwar Haladu, a ƙofar ofishinta na sakatariyar ƙaramar hukuma, tana haki, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Su wa?"

"'Yan shige da fice... a kasuwar shanu suka tare shi. An ce da la'asar mota za ta ƙetara da su Nijar!"

Sati guda ke nan jami'an da aka turo daga tarayya suna bin kasuwannin bakin iyaka, duk wanda ba shi da takarda sai mota.

"Amma ai kakansa ne ya haƙa rijiyar rugarku!"

"Tambayarsa suka yi inda aka haife shi..."

Zaituna ta dafe kai, don ta san mutuminta. Haladu ɗan fari ne, innarsa kuwa da cikinta ya tsufa gidan iyayenta ta tafi haihuwa kamar yadda aka saba, gidan kuma yana ƙetaren iyaka. Kwana arba'in kacal ya yi a can yana jariri. Da wani ne, da ya ce a nan Babura aka haife shi ya wuce abinsa, amma ban da Haladu, mutumin da kan gaya wa mai saye cewa saniyarsa tana harbi.

Ta waya ta same shi.

"Ɗan rugana, da ka yi shiru mana!"

"Zaitunata... in fara ƙarya yau, gobe da wane bakin zan ce ina son ki ki yarda?"

Hawaye ya zubo mata, amma wallahi alfahari ne ya fi yawa a ciki.

"Ba inda za ka. Ka ji na faɗa maka."

Da hannunta ta buga takardar shaidar asali, ta nufi ofishin Musaddiƙ, mai riƙe da hatimi, wanda ya shekara yana zarya gidansu da mota mai sheƙi. Shi Babanta, Malam Muhammadu Lawal, yake so ta aura. Baban tsohon ma'aikaci ne, ya kuma rantse 'yarsa ba za ta ƙare a bayan shanu ba.

Musaddiƙ ya karanta takardar har sau biyu, yana murmushi.

"Ki dawo ranar Litinin."

"La'asar fa aka ce!"

"To ki amsa min maganar da na kai wa Baba, yanzu hatimi ya fito."

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ka riƙe hatiminka, Malam Musaddiƙ. Ba gadon gidanku ba ne."

Kafin azahar ƙofar sakatariya ta cika. Matan rugage sun jera ƙoransu na nono a kan titi sun zauna, matan gari suka biyo da goyonsu, 'yan acaɓa suka kashe babura. Mutum ashirin da uku aka kama, kowa da nasa a ciki.

Ciyaman ya fito tare da shugaban jami'an da dattawan da ya kira shawara. A cikinsu har da Babanta, ya harare ta, hararar da ke nufin wuce gida.

Zaituna ta durƙusa ta gaishe su, sannan ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya zan yi wa jama'a... Wanda uwarsa ta je haihuwarsa gidan iyayenta a ƙetare, ya ɗaga hannu!"



Wata tsohuwa ta ɗaga. Sai wani mahauci, sai ladanin masallacin kasuwa, sai direban Ciyaman ɗin kansa. Hannuwa suka yi ta tashi har ba sa ƙirguwa.

Sai ga hannu ɗaya a sahun dattawa yana tashi a hankali.

"Baba...?"

Malam Lawal bai dube ta ba.

"A gidan kakana aka yanke min cibi, can ƙetare. Shekara talatin da biyar na yi wa ƙasar nan aiki. Na ɓoye a takarda tun ina saurayi. Yaron nan kuwa bai ɓoye ba, alhali mota na tsaye a gabansa."

Shugaban jami'an ya gyara hula.

"Malam, mu shaida muke nema. Wanda iyayensa 'yan nan ne, ɗan nan ne. A kawo takarda, mu sake shi."

"A fito da tebur!" in ji Ciyaman. "A kira dagatai da arɗo. Musaddiƙ, kawo hatimin nan, yau a gaban jama'a zai yi aiki."

Haka Musaddiƙ ya kawo shi da gudu-gudu, har da rusunawa.

Aka kawo kamammun, a inuwar dalbejiya aka yi aikin. Zaituna na rubutu, dagaci na shaida, kowane kamamme sai an sami dattijon da zai tsaya masa. Ana kiran la'asar aka zo kan Haladu, ya tsaya da sandarsa, kai a ƙasa.

"Wa zai tsaya wa wannan?"

"Ni," in ji Malam Lawal.

Ya zauna ya gyara tabarau. Zaituna ta karanto masa tambayoyin, har ta zo ta ƙarshe.

"Baba... an ce mene ne tsakaninku da shi?"

Tsohon ya dubi Haladu, ya dubi 'yarsa, ya yi gyaran murya.

"Ke da aikinki sai na koya miki? Rubuta suruki."

Guɗa ta kece daga wajen matan rugage. Zaituna ta sunkuyar da kai ta rubuta da manyan baƙaƙe, hawaye na ɗiga a gefen takardar, Ciyaman ya buga hatimi a kai.