Iddar Lauratu

"Ki ce kin gani kawai," in ji Gwaggo Hansai, ta rage murya. "Wa zai kwance zanenki ya duba? A wannan sha'anin maganar mace ake karɓa."

Lauratu ba ta daina ɓarar gyaɗa ba.

"Ban gani ba, Gwaggo."

"To zauna nan, 'yar boko. Ki bari a yi wa Hadi mata kina kallo."

Sunan Hadi ya soke ta har ƙahon zuci, amma ko gezau fuskarta ba ta yi ba.

Ita da kanta ta fanshi kanta daga auren Gwadabe a gaban alƙali a Gaya, bayan wuyar da ta sha a hannunsa. Ta dawo gidan mahaifinta a Toranke yin idda, jini uku sannan ta sami damar wani auren. Ta ga na farko lafiya. Da damina ta kankama kaska ta cika shanun gidan, ita ce mai cire musu, har ta tsinci ɗaya maƙale a bayan gwiwarta. Zazzaɓi ya kwantar da ita, ya tafi ya dawo, ya sake dawowa. Da ta miƙe, al'ada ta ɗauke cak.

Hadi kuwa, telan Ajingi wanda suka yi firamare tare, yana jira. Shari'a ta hana shi furta mata aure tana cikin idda, sai dai ya tsaya bayan danga ya yi gaisuwa.

"Laure... ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, Yaya Hadi."

"Ina da ɗaki sabo, ban shafe shi ba tukuna. Ba na sauri."

Nan maganar ke tsayawa. Ta koma ɗaki ta cusa fuska a matashi.

Sai Gwadabe ya samu abin da yake nema. Ya bi kasuwa yana faɗa wa kowa cewa cikinsa ne ya kwanta a jikinta, ko shekara nawa zai yi ba mai aurenta sai ta haife masa. Aka koma gaban alƙali. Ungozoma ta duba, malamar asibiti ta duba, duka suka ce ba ciki, ciwo ne ya girgiza jikin. Alƙali ya yanke cewa sai ta cika shekara daga ranar rabuwa kafin iddarta ta ƙare.

Shekarar ta yi tsawo.

Zufa kan keto mata ana tsakiyar sanyi. Gashinta ya riƙa bin matsefi. Abu kaɗan sai kuka ya taso mata, ta haɗiye shi. A bakin rijiya mata ba sa kallon fuskarta, cikinta suke kallo. Don haka kowace ranar kasuwar Ajingi takan ɗaure zane tamau a ƙugu, ta ratsa rumfunan hatsi kai a sama, duk mai ido ya gani.

Wata safiya Dada, mahaifiyar Hadi, ta yi sallama. Ko ruwa ba ta sha ba.

"'Yar nan, ba ƙinki nake ba. Amma yaron nan shi kaɗai gare ni namiji. Macen da jini ya ƙafe mata... me zan goya?"

"Dada, ban ɗaure shi ba."

"To ki sallame shi da bakinki."

Lauratu ta durƙusa, idonta a bushe.

"Da ina son riƙe shi da dabara, da tun tuni na yi ƙarya an ɗaura. Na ƙi, don kada ɗanki ya zauna da ni cikin haram. Zan faɗa masa gaskiyar jikina. Abin da ya zaɓa, na ɗauka."

Tsohuwar ta daɗe tana dubanta. Ta jawo ƙwaryar ruwan, ta sha, ta tafi.

Ranar da shekara ta cika, Hadi ya iso tun hantsi, wannan karon har cikin zaure. Lauratu ta fito ta zauna nesa da shi.

"Yau bakina ya buɗe," ya ce. "Ina sonki, Laure. Aurenki na zo nema."

"Tsaya ka ji tukuna." Ta dunƙule hannuwanta a cinya. "Har yanzu jinin bai dawo ba. Malamar asibiti ta ce yana iya dawowa, yana iya ƙin dawowa. Wataƙila ba zan taɓa haifa maka ko ɗa ɗaya ba... Kada ka aure ni don tausayi, ba zan iya ɗauka ba."

"Dada ta faɗa min duk wannan."

"Me ta ce?"

"Ta ce in ban aure ki ba, na yi asarar macen da ba ta ƙarya." Ya matso kaɗan. "Masoyiyata, shekara guda ina tsaye bayan dangar nan. Ke nake jira, ba jini ba."

Sai a lokacin hawayen suka zubo, ta bar su.

Ranar Juma'a aka ɗaura.