Jan Ɗigo a Mariƙin Raket

Ranar da Chizuru ta fara zuwa filin tanis a Fukuyama, koci Shuhei hannunta ya fara kalla kafin fuskarta.

"Wa ya koya miki wannan riƙon? Sai ka ce za ki soya ƙwai."

"Babana," ta ce, ta haɗe rai.

Tun tana ƙarama take buga tanis na ƙwallo mai laushi, inda fuska ɗaya ta raket ke dukan dama da hagu. Da ta koma ƙwallo mai tauri, sai wuyan hannunta ya fara kumbura. Shuhei ya ɗiga jan fenti a mariƙin, ya ce nan gindin yatsarta zai riƙa zama.

Wata huɗu ƙwallo na faɗawa raga. Gasa uku ta shiga, duk a zagayen farko aka kore ta. Haushin Shuhei take ji, kuma tana ɗokin ganinsa, wannan ya fi komai ƙona mata rai.

Ya turo saƙo: "Sarauniyar taurin kai, kin sa wa hannun ƙanƙara?"

"Na sa. Saura bakinka."

Da ya je neman aurenta, mahaifinta Baba Morikawa ko shayi bai ba shi ba.

"Shekara goma sha biyar ina gina hannun nan, ka rushe shi a wata huɗu. Yanzu kuma ita ɗungurungum kake so?"

Ranar gasar lardi Chizuru ta hango babanta cikin 'yan kallo, sai hannunta ya koma tsohon riƙo. Ta fara cin maki. Can raket ya suɓuce, ta durƙusa dafe da wuyan hannu.

A lokacin hutu tsohon ya sauko, ya daɗe yana duba kumburin. Sannan ya kama yatsarta, ya ɗora a kan jan ɗigon da kansa.

An cinye ta dai. Amma a bakin ƙofa babanta ya tsayar da Shuhei.

"Ɗigon naka ya yi ƙasa kaɗan. Ka zo gida Lahadi. Ka taho da iyayenka."

A watan Nuwamba aka ɗaura auren. Wajen walima Baba ya sa musu albarka, ya zauna. Sai idonsa ya sauka kan tsinken cin abincin da ke hannun ango.

"Shuhei," ya ce, "wa ya koya maka wannan riƙon?"