Bawul Na Uku

Duk wanda ya taɓa aiki a matatar ruwan ƙazanta ta garin ya san mutumin da ake kira Injiniya. Ba injiniya ba ne, tsokana ce ta abokan aiki ta bi shi. Aikinsa kula da manyan tankunan da ruwan masai da na kwatoci ke bi, ya kwanta, a tace shi, a zuba masa magani, kafin a sake shi cikin kogi. Shekara goma sha huɗu yana shaƙar wari, tsaransa suna wuce shi a mota. Abin ya tsaya masa a rai.

Wani direban tankar kwasar masai ne ya yi masa kwatancen wani boka mai ba da arziki. Da ya je, ɗakin bokan ba taga, ƙasan a jiƙe, an rataye ƙasusuwan kifi a bango da jan zare. A tsakiya akwai baƙar randa, ruwan cikinta yana motsi ba wanda ya taɓa shi.

"Ba na son kaza, ba na son rago," in ji bokan, idonsa na kan randar. "A wurin aikinku akwai bawul da ke kai ruwa kogi kai tsaye."

Injiniya ya ce, "Na uku ke nan, Baba. Ba a buɗe shi."

"Kai za ka buɗe. Duk Laraba, awa ɗaya. Aljanun ruwa, ɗanyensa suke so, wanda ba a tace ba."

"Baba, akwai masu shan ruwan nan a gaba."

"Na ce ka kashe wani? Ƙarfe kawai za ka murɗa."

"In na gaji fa?"

Bokan ya yi dariya ba sauti. "Su ba sa gajiya."

Ya tsoma hannun Injiniya cikin randar har gwiwar hannu. Wani abu mai sanyi ya lashi tafinsa.

Larabar farko ya murɗa bawul ɗin. Kafin wata uku kwangila ta faɗo masa daga inda bai zata ba, wata ta biyo. Ya gina bene, ya sayi motoci, amma bai bar matatar ba. Mutane suna ta yaba sauƙin kansa.

Sai kifaye suka fara tasowa ciki sama. Amai da gudawa suka shiga unguwar bakin kogi, ana fitar da gawa safe da yamma. Ya kai musu magunguna mota guda. Wata tsohuwa da ta rasa jikoki biyu ta riƙe hannunsa tana sa masa albarka, hannun nan da ya murɗa ƙarfen. Ya koma mota ya kifa kai yana kuka. Da Laraba ta zagayo, ya sake buɗewa.

Ranar da aka binne tagwayen ƙanwarsa, wadda ke aure a unguwar, ta dube shi ta ce, "Yaya, ba a matatar kake ba? Me ya samu ruwan?" Washegari ya garƙame bawul ɗin da sarƙa.

Larabar da ta biyo, famfunan benensa suka zubo baƙin ruwa mai wari. 'Yarsa ɗaya tilo ta kwanta da hantsi, kafin la'asar ta cika. Matarsa ta shiga banɗaki da soso tana dirzar jikinta har jini, tana ihun wai warin ba ya fita. Har yau ba ta dawo hayyacinta ba.

Da ƙafarsa ya je gaban hukuma ya faɗi komai, Laraba bayan Laraba. Aka kwashe dukiyar, aka rufe shi. Masu gadin gidan yarin sun ce ba ya iya kai kofi baki sai ya tambaya, "Wa ya sha kafin ni? Yana nan da rai?"

To, kai da aka damƙa wa amanar abin da jama'a ke sha, ka ji tsoron Allah. Kwaɗayi zai ce maka ƙarfe kawai za ka murɗa. Ƙarya yake yi, rayuka ne.