Wa Ke Shan Wutar Sabon Gida?

Sifana ce ta haɗa su. Tana fitowa daga kemis ɗin da take aiki, sai ga ƙarfe ya faɗo daga saman rufi, tim, a gaban ƙafarta. Ta ɗaga kai a fusace, ta ga saurayi durƙushe tsakanin farantan sola, baki buɗe.

"Malam, kashe ni za ka yi?"

"Wallahi ina ganinki hannuna ya saki."

"To Allah ya sa ba haka kake sakin kayan mutane ba."

Ta jefa sifanar a jaka ta wuce. Ya yi wata shida yana zuwa karɓa, ba ta ba shi ba, shi ma dai ba ita yake nema ba. Tana kiransa Mai Rana, yana kiranta Fitilata.

Sai dai fa Babanta mai gyaran janareta ne, shekara talatin. Tun da sola ta shigo unguwa shagonsa ya koma wajen hira. Ran da ya ji sana'ar saurayin, tsaye ya miƙe.

"Ya ɗauke min abinci, ya dawo zai ɗauke mai zuba min? Wutar da ba ƙara ba hayaƙi, ai yaudara ce. Ban yarda ba!"

Ta yi kuka, ta yi fushi, har gaisuwarsu da Baba ta koma ciki-ciki. Duk a kan Mai Rana.

Shi kuwa ya gama ɗan gidansa a sabuwar unguwa, faranti shida a sama, batir biyu da inbata mai rarraba wa gida wuta a ƙaramin ɗaki kusa da kicin. Ya karɓi wayarta ya saka mata manhajar duba wutar gidan.

"Ga gidanmu a tafin hannunki. Koren layin nan, abin da rana ta ba mu ne. Jan kuma abin da gida ya sha. Kin gan shi a kwance? Don babu kowa. Ranar da kika tare zai tashi."

Kullum sai ta duba, ta yi murmushi ita kaɗai. Ran nan ƙarfe biyu na rana ta buɗe. Jan layi ya miƙe tsaye, batir yana sauka. Washegari haka. Rana ta uku ma haka, daga biyu zuwa huɗu.

Shi da bakinsa ya taɓa gaya mata abubuwan da ke shan wuta haka: dutsen guga, butar dafa ruwa, abin busar da gashi. Abin busar da gashi! Nan take ta tuna dillaliyar gidajen unguwar, wadda ke jan sunansa, "Injiniyaaa," kamar da ita aka raɗa masa.

Ta tura saƙo: "Mai Rana, kana ina?"

"Ina wajen aiki, Fitilata. Rana ta yi zafi, amma kewarki ta fi ta."

"Akwai mai makullin gidanmu bayan kai?"

Sai da aka yi rabin awa ya amsa: "Me ya sa kika tambaya?"

Ka ji fa. An yi maka tambaya ka mayar da tambaya. Ta nuna wa yayarta, yaya ta riƙe haɓa.

"Gida babu kowa, wuta tana tafiya? Ƙanwata, aljanu ba sa guga. Namiji ba ɗan goyo ba ne, na sha gaya miki."

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta ɓata da mahaifinta saboda mutumin nan, ga Baba kwanan nan ko shago ba ya zama da rana, sai ya dawo fuska a murtuƙe. In Mai Rana ya ci amanarta, ta yi biyu babu.

Rana ta biyar ta nemi izini a kemis, ta hau keke mai ƙafa uku zuwa sabon gidan, sifana a jaka. Niyyarta ta jefa masa abinsa a gaban ko wace ce, a rabu.

Ƙofa a buɗe. Ta shiga a hankali, ta ji ƙugi daga ciki. Ta banka ƙofar kicin.

Baba ne. Ya tuɓe riga yana gumi, ya jona dutsen guga, butar ruwa da injin goge ƙarfe lokaci ɗaya, yana harar inbata ta ƙofar ƙaramin ɗakin kamar abokin dambe. Mai Rana yana zaune kan bokitin fenti, ya yi tagumi.

"Baba?"

"Ke me ya kawo ki?"

Mai Rana ya sunkuyar da kai. "Baba ne ya ce in ba shi kwana biyar. In ya kashe batirin, maganar aurenmu ta mutu. Ya sa na rantse ba za ki ji ba."

"Ka rantse, ka manta ka sa min gidan a tafin hannu?"

Ya dafe kai. "Innalillahi! Manhajar!"

Hawaye ya zubo mata, dariya tana neman ƙwacewa. "Na zarge ka, Mai Rana. Har dillaliya na kawo gidan nan a raina. Ka yafe min."

"Kishin wanda ake so ake yi, Fitilata. Ni ma na so in faɗa miki, alkawari ne ya ɗaure ni."

Baba ya yi gyaran murya ya kashe injin. Batir yana nan da saura.

"Abin ya ƙi mutuwa," ya ce da ƙyar. "Amma zo nan, yaro. Taɓa wayar wutar nan."

Mai Rana ya taɓa, ya janye hannu da sauri. "Ta yi zafi, Baba."

"Ta yi siriri ne. Ka iya rana, ba ka iya waya ba. Kwana biyar ina neman kashe maka batir, ba ka ɗaga min murya ba, kuma ba ka tona ni ba. Na ba ka ita. Amma daga yau duk gidan da za ka haɗa, ni zan duba wayoyinsa."

"Da ma abin da nake neman hanyar roƙonka ke nan, Baba."

"Ba roƙo ba ne, sharaɗi ne. Ke, ba ni sifana in kina da ita."

Ta ciro ta miƙa masa. Da sifanar da ta zo raba aure da ita Baba ya ɗaure sabuwar waya.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Ranar da ta tare, Baba ya dafa kansu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya haskaka gidan nan, ya raba ku da zargi."

Da gari ya waye ta ɗora butar ruwa, ta buɗe wayarta ta nuna wa angonta. Jan layi ya tashi.

"Wa ke shan wutar gidanmu?" ya tambaya yana haɗe rai.

"Matar gidan ce," ta ce.