Nonon da Muttaƙa Bai Haɗiye Ba

Ku matso ku ji abin da baki ya ja wa mai shi. Muttaƙa ya shekara tara yana kabu-kabu a tashar Konni, ga ƙarfi ga zuciya, amma magana sai a hankali. In ya miƙe a taron 'yan babur, kafin ya gama sallama an watse. Da aka buga gangar zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, idonsa ya rufe, ya ce sai ya zama magajin garinsu, can tsakanin Malbaza da Illela. Ba zan faɗi sunan garin ba, don har yau mutanensa kunya suke ji.

Rana tsaka ya sauka wurin boka Takama, cikin wani tsohon ramin haƙar farar ƙasa inda ko tsuntsu ba ya gilmawa. A ƙuryar ramin an binne baƙar tukunya har wuya, an ɗaure bakinta da jan ƙyalle, ƙudaje sun rufe ta, wari kamar na mushe.

"Kuɗɗi kaka so, ko baki?" in ji Takama.

"Baki, ranka shi daɗe. In na samu baki, kuɗɗi na biyowa."

"Wa ya fi yarda da kai a duniya?"

"Fulanin rugar Ardo Juli. Na taɓa kai matatai likita bisa babur, ban amshi ko dala ba."

"Tafi ka yi musu alkawali. Za su ba ka nono a ƙwarya don ƙulla amana. Ka kurɓa, kada ka haɗiye, ka kawo shi nan cikin bakinka."

"Mi za ni biya?"

Takama ya yi murmushi. "Ni ba ka biyana komi. Tukunya dai ba ta son alkawali shi faɗi ƙasa. Wanda ba ka cika ba, ta san inda za ta ɗauko shi."

Mai kwaɗayi ba ya tambaya sau biyu. Ya je ruga ya yi alkawarin rijiya, da ɗakin haihuwa, da burtalin da shanu za su bi ba faɗa da manoma. Ardo Juli ya miƙa masa ƙwarya da hannu biyu, ya ce, "Kowa baƙi yake ce mana, kai ne ka ce 'yan'uwa." Muttaƙa ya kurɓa, ya yi bankwana da ka, ya hau babur kumatu cike. Da ya tofa nonon cikin tukunya, sai da ya ji ta haɗiye.

Daga ranar, in ya buɗe baki, 'yan dako su yar da buhu, masu tuya su bar ƙosai ya ƙone, Buzaye masu gadi su bar ƙofa buɗe. Abokin takararsa Malam Sha'ibu, wanda ya haƙa wa garin rijiya biyu amma yake in'ina, ko maƙwabtansa ba su zaɓe shi ba. Muttaƙa ya hau kujera, rijiyar Fulani ta zama bene a Konni, ɗakin haihuwa ya zama mota, burtali kuwa ko zancensa bai sake yi ba.

Ɗiyarsa Ummul-Khairi tukunya ta fara ɗauka. Ƙishirwa ta kama ta, ta shanye randa leɓenta na tsagewa, ta cika tana cewa, "Baba, ruwa." Matarsa Bushira ta rasu kan gwiwa, likitoci uku na tsaye a kanta. Ƙanensa Salisu ya haukace, yana bin gonaki yana tumɓuke iyakoki, wai a ba shanu hanya. Sai autar ɗiyansa, Nabila, ta rage masa.

Ardo Juli ya taso da ƙafa don gaisuwar mutuwa, alhali jikokinsa na shan ruwan tabki tare da shanu. Ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri. Mun san da kana da hali, da ka yi mana." Wallahi da ƙasa ta tsage, da Muttaƙa ya shige. Kunya ta hana shi ɗaga ido.

Ranar kasuwa ya hau bayan mota ya tona kansa. Ya ce shi ɓarawo ne, maci amana, ya faɗi boka da tukunya. Jama'a suka ɓarke da tafi, mata suka rangaɗa guɗa. "Kun ji shugaba mai tawali'u!" Wani bakanike ya ɗaga murya, "Yi muna alkawalin lakwal, ɗiyanmu su yi karatu!" Kasuwa duka ta ɗauka.

Muttaƙa ya ji harshensa na motsi ba da izninsa ba, sabon alkawali na tahowa, ga Nabila zaune cikin mota tana kallonsa. Ya datse harshen da haƙora da duk ƙarfinsa. Jini ya wanke masa gaban riga, su kuwa suna ta tafi.

Nabila ta rayu, a hannun dangi. Ubanta na nan bebe, ba bene ba mota, in ya ga Bafulatani sai ya rufe fuska ya sake hanya. Mai neman kujera ta ramin boka, ka sani da naka za ka biya. Mu kuma masu tafi, da wa'adinsa ya cika sai da muka je har ƙofarsa muna roƙon ya sake tsayawa.