Ƙunshin Hannun Hagu

"Anti Nazifa, kyanwata ta yi shiru!"

Nazifa ta warware tsummokaran ƙunshin, ta ɗora yatsu a hannun hagun Uwani. Shiru! Jijiyar da likitocin Sakkwato suka haɗa wa yarinyar don wankin ƙoda, mai gurnanin nan da Uwani ke kira kyanwa, ta tsaya cak.

Kuma fa Namadi ya gaya mata! Namadi, angon da take shirin aure, wanda matarsa ta rasu ta bar masa wannan ɗiya tilo. Ya ce ko awarwaro kada ya matse hannun. Amma Uwani ta yi ta magiya tana son lallen biki, ita kuwa garin neman shiga ran marainiya ta ɗaure hannun tamau.

Tun daga Ƙaura har asibiti Nazifa kuka take.

Likita ya ce jini ya daskare, jijiyar ta mutu. Sai an sa wa yarinyar robar wankin ƙoda a wuya, a yanka hannun dama a haɗa sabuwar jijiya.

Yalwa, yayar Namadi, ta zaburo. "Wa ya ɗamre mata hannu?"

"Ni na ɗamre da kaina, Gwaggo," in ji Uwani, idonta a ƙasa.

Wayyo! Wannan ƙaryar ta fi mari zafi.

"Ni ce," Nazifa ta ce. "Ni na kashe mata hannu... Namadi, ka fasa, ban cancanta ba."

"Ka ji ko? Tun ba ta shigo ba!" in ji Yalwa.

Namadi ya juya ya fice. Tafiyar nan tasa ta hana Nazifa sakat, ta rame ta lalace.

Ran da ya dawo, Uwani na biye da shi.

"Na yi hushi, Nazifata, ba zan ɓoye miki ba. Amma ɗiyar ga ba ta taɓa yi mini ƙarya don kowa ba, sai don ke."

Ranar biki amarya ta ƙi lalle. Ƙawaye suka yi ta tsiya, wai amarya da hannu fari fat!

Uwani ta lallaɓo ta kama farin hannun, ta ɗora a kan sabuwar jijiyar hannunta na dama.

"Ji, Inna... kyanwata ta dawo."