Surukin Da Ya So Barin Jami'a

A shagon tabarau suka haɗu. Auta ce ke gwada wa mutane ido, da diflomarta ta shekara biyu da albashinta mai kauri. Dogo kuwa ɗalibin jami'a ne, ya shigo da tabarau ɗaure da zare. Ta ce masa, "Kallo nan." Ya kalla, har yau bai ɗauke ido ba.

Da maganar aurensu ta isa gidan su Auta, Baba ya buga sanda a ƙasa.

"Digiri? Ga yayanki can, shekara huɗu yana cin gumina, yanzu barci yake da kwali a ƙarƙashin filo! Ke mai shekara biyun ke ce riƙe da gidan nan. Ni da ban taɓa zama a aji ba, da dako na fara, gobara ta cinye shagona ƙurmus, na miƙe. Ba na ba mai jiran aiki 'yata!"

Washegari saƙon Dogo ya shigo: "Hasken idona, zan bar jami'a in nemi difloma irin taki. Ba zan rasa ki saboda takarda ba."

Ta amsa: "Dogona, saura maka shekara ɗaya fa! Kada ka soma."

Ta karanta wa Baba saƙon. "Ka ji abin da ka jawo."

Tsoho ya sa aka kira yaron. Ko zama bai bari ya yi ba.

"Kai, ka ɗauko kaya shekara uku, sai da ka hango ƙofa za ka yar? Ni ban taɓa sauke buhu a rabin hanya ba, ko wuyana zai karye! Yau ka bar karatu, gobe ita za ka bari!"

"Baba, ai ku kuka ce digiri..."

"Na ce, kuma ina kan bakana, ba ya ciyar da kowa! Amma rago ya fi shi muni. Koma ka ƙarasa shirmenka, ka zo ka ɗauki matarka."

Dogo ya ƙarasa. Ranar aure Baba ya dafa kawunansu yana huci.

"Allah Ya yi muku albarka. Ya ba dogon nan aiki mai tsoka, ko don in ji kunyar maganata. Ban taɓa jin ta ba, ina so in ɗanɗana."